Innata a Littafin Wani

Tun da aka cire min yanar ido na koma karatu da haɗama, irin ta wanda ya tashi daga doguwar jinya ya tarar da tuwo. Na daɗe ina ganin duniya dishi-dishi, ko takardar magani sai an karanta min, ni da na ƙarar da ƙarfina ina koya wa 'ya'yan mutane baƙi da wasali. Ɗana da ke aiki a Birnin Kebbi ya san halina, in zai zo Bagudo ba atamfa yake kawo min ba, littafi yake kawowa. A zuwansa na bayan nan guda uku ya ajiye min: labarin soyayya, da littafin waƙoƙi, da tarihin rayuwar wani dattijo da ya rubuta da kansa. A gindin darbejiyar tsakar gida na karance su, tsakanin hantsi da azahar, lokacin da jikoki ke makaranta gida ya yi shiru. Ina da abin faɗa a kan kowanne, kuma na tsufa da lallashin marubuta.

Na soyayyar wata yarinya ce ta rubuta, an ce matasa rububinsa suke yi. Ni ban ga abin rububi ba. Mutanen cikinsa ba sa jin yunwa, ba sa wanke tukunya, babu wanda kunama ta taɓa harbi. Yarinyar labarin tana kuka a falo, tana kuka a mota, tana kuka a jirgin sama, kuma duk kukan nan kwallin idonta bai taɓa zuba ba. In ta fusata sai ta haye bene da gudu ta faɗa gado. Na yi ta tunanin wanda ke share benen. Wuri ɗaya tak na ajiye littafin a cinya na ce yarinyar nan ta san wani abu, inda uwar yarinyar labarin ke zaune a layin asibiti tana tura tsinkakken takalminta ƙarƙashin benci don kada likita ya gani. Wannan da idonta ta gan shi, na yi imani. Sauran kuwa a waya ta gani.

Mai waƙoƙin saurayi ne, hotonsa na bayan littafin, ya dafe haɓa yana kallon nesa. Rabin waƙoƙinsa a kan gulbin Kwara ne, yana kiransa uwa, yana marmarin ya ɗora kai a cinyarsa ya yi barci. Da zai zo Kaoje in damina ta yi nisa, ya ga yadda uwar tasa ke haɗiye shinkafar mutane tana gab da nuna, ya ga magidanci da gemunsa tsaye a ruwa iya ƙirji yana lalubar abin da iyalinsa za su ci shekara, da ya nemi wata cinyar. Daga cikin mota ya ga gulbin nan, gilashi a rufe. Amma kunnensa ba laifi, baitocin suna faɗuwa daidai a baki. In Allah ya ɗanɗana masa wahala kaɗan, zai iya zama mawaƙi.

Na ukun ya fi su duka, nesa ba kusa ba, kuma shi ne na so a ce idon nawa bai buɗe ba balle in karanta shi.

Wanda ya rubuta shi ɗan ƙauyenmu ne, wani ɗan gari a bakin ruwa ƙasa da Kaoje. Ya girme ni sosai. Ya yi boko tun ba a san daɗinta ba, ya yi aikin gwamnati ya kai inda ya kai, da ya ajiye aiki sai ya zauna ya rubuta ƙuruciyarsa. Ba zan zalunce shi ba, Hausarsa zuma ce, kuma bai manta komai ba. Ya tuna amon taɓare da sassafe, gida na amsa wa gida har gari ya ɗauka. Ya tuna ƙamshin bandar kifi da ke kama zane ya ƙi fita ko an wanke. Ya tuna mu yara a kan rumfunan gona muna korar tsuntsayen jan baki daga shinkafa, muna jan igiya gwangwanaye masu tsakuwa suna kaɗawa, muryoyinmu sun dushe kafin la'asar. Ya tuna hucin dorina a bayan ciyawa, da ranar kasuwar Lolo, jirage jere a mashaya ana lodi ana faɗa ana dariya, sanda na shiga ruwa tana fita ba ƙarar komai sai tata. Ina karantawa ina jin ƙafata a cikin laka. Yau in ka tsaya a mashayar nan kunnenka injin jirgi zai cika, injin casa ya kashe turmi, babura ɗauke da jarkoki da buhuna suna ta ɓarin ƙasa zuwa boda, yara kuwa kowa kansa a sunkuye kan waya, in ka ce su kori tsuntsu sai su tambaye ka wane tsuntsu. A lokacinmu ba mu san iyaka ba sai dai ruwa. Tsofaffi kan ce wancan gefen ƙasar Faransa ce, amma mu abin da muka sani kawai shi ne mutanen can suna zuwa bikinmu muna zuwa nasu. Duk wannan yana cikin littafin, daidai wa daida. Saboda haka na saki jiki da shi, har na kai babin da yake ba da labarin yadda ya gane Allah ya ba shi baiwar magana.

A babin ya kawo wata mata 'yar Dendi da aka auro daga ƙetare, mai Hausa a karkace, wadda aka yi wa ƙazafin maita a wata shekarar ruwa. Bai kawo sunanta ba, ya ce ya manta. Matar nan ita ta haife ni.

Babana masunci ne. A wata kasuwa ta wancan gefen ya gan ta, ya yi ta komawa har aka ba shi ita, ya kawo ta a jirginsa. Inna doguwa ce, baƙa, mai dariya da baki buɗe. Ba ta iya kunyar garinmu ba. Ni ce 'yar farinta amma sunana take kira gatsau a gaban kowa, tana ɗora ni a cinya tana min kitso a ƙofar ɗaki, matan gida suna haɗa ido. Da yaren Dendi take min magana, da shi take min waƙa in tana jujjuya kifi a kan wuta, kuma bandarta ita ke fara ƙarewa a Lolo, abin da bai ƙara mata masoya ba. Hausarta kuwa ba ta raba mace da namiji. "Ɗiyana ya ci tuwo," haka take cewa. "Goggo ya tahi rahi." Goggo yayar Baba ce, aurenta ya mutu ta dawo gida ta zama ita ce gidan. Duk sanda Inna ta ce da ita "ya" sai ta tofar da yawu ta ce, "Ku ji min, ta maishe ni namiji cikin gidan ubana."

Shekarar da ruwa ya shigo gari ina da wayon da ake aikena rafi da ƙaramin tulu. Ruwan ya ci shinkafa, ya ci rumbuna, ya cika rijiyoyi da ƙazanta, da ya janye sai amai da gudawa suka biyo baya. Yara suka fara tafiya. Da safe ka yi wasa da yaro, da yamma ka ga an fito da shi a tabarma. A cikin haka ɗan maƙwabtanmu ya kwanta, kuma a cikin zafin ciwo ya ambaci Inna. Ba abin mamaki ba ne, kullum yana gindin bandarta, jiya-jiya ta ba shi kan kifi. Amma mutanen da suka binne 'ya'yansu suna neman wanda za su kalla, kuma ga baƙuwa.

Da hantsi suka zo. Ina zaune ina tsince shinkafar da muka tsamo daga laka na ji tsakar gida ta cika. Goggo ce a gaba. Ta ce, "Hito ki sakam musu ɗa. Kurwar da kinka kama ki aje ta." Inna ba ta gane ba, ta fito da hannu duk toka tana murmushi tana gaishe su. Sai da aka ja ta zuwa gidan maƙwabtan, aka kwantar da yaron a ƙasa, aka ce ta tuɓe ta tsallake shi, sannan ta gane. Ta riƙe bakin zanenta da hannu biyu tana kiran Baba. Baba yana zaune a ƙofar zaure yana ɗinkin taru. Na je na girgiza kafaɗarsa na ce, "Baba, Inna na kiranka." Bai ɗago ba. Ya ce, "Koma ciki." Hannunsa bai daina ɗinki ba, har yau ina ganin yadda allurar ke shiga tana fita. Mata suka fizge zanen. Ta tsallake yaron tsirara a gaban maza da mata, ta sake tsallakewa, aka ba ta ruwa ta kuskure baki aka ɗura masa. Kafin la'asar ya cika.

A washegarin ne waƙar ta fito. Marubucin nan, lokacin yana saurayi, ya zo hutu daga makarantar kwana, da farin wandonsa da bakinsa mai kaifi, ya zauna a gindin tsamiyar mashaya ya tsara ta. Da Hausar Inna ya gina ta, yana kwaikwayon yadda take mayar da mace namiji, ana cewa mayya ya zo, mayya ya ci, ana amsawa. Tana da daɗin kiɗa, wannan ma ba zan hana shi ba. Yara suka kwance gwangwanayen korar tsuntsu, tunda babu sauran shinkafar da za a tsare, suka mayar da su ganga. In Inna ta fita ɗiban ruwa suna bayanta, in ta dawo suna bakin danga. Manya ba su hana ba. Na ji uwar da ta binne ɗanta tana gunguninta tana tankaɗe. Na ji ta a bakin yaran da muke cin tuwo kwano ɗaya. Inna ta daina fita, ta daina banda, ta daina dariya, tana zaune a ƙuryar ɗaki ta toshe min kunnuwa da tafukanta, nata kuwa a buɗe.

Ba a daɗe ba Baba ya sake ta. A tsakar gida ya faɗa, idonsa a ƙasa. Ya ce, "Gari ya hi ƙarhina. Ki tahi gida." Ta ɗaure 'yan kayanta, ta kama hannuna muka nufi mashaya, rabin gari na biye da mu da gwangwanaye. Ta sa ƙafa ɗaya a jirgi ke nan Goggo ta damƙe ɗayan hannun nawa. Ta ce, "Ɗiyar ga tamu ce, ba inda za ta." Suka ja ni, wannan ta ja, wannan ta ja, har kafaɗata ta yi ƙara na ƙwala ihu. Inna ce ta saki. Mai jirgi ya tura sanda. Da suka ɗan yi nisa ta miƙe tsaye a cikin jirgin, ta tattaro duk Hausar da take da ita ta ɗaga murya ta ce, "Ku ba shi abinci! Ba ya son kuɓewa, ku yi mishi kuka!" Mashaya ta ɗauki dariya. Har akwai wanda ya zauna a ƙasa don dariya.

To, ga yadda dattijon ya rubuta wannan. Ya ba shi shafi uku masu ban dariya. Ya jero waƙar duka, baiti-baiti, bai manta ko amshi ba. Ya saka jimla ɗaya ta cewa zamanin jahilci ne, Allah ya yafe mana, sannan ya wuce zuwa abin da ya dame shi, wato yadda kafin rana ta faɗi gari duka ya haddace abin da ya tsara da safe, da yadda a ranar ya san maganarsa tana da ƙafa. Ya ce daga baya matar ta koma wajen danginta. Haka kawai, kamar wadda ta je ganin gida. Babu zane a ciki, babu Baba da tarunsa, babu yarinya. Mutumin da ya tuna hucin dorina bai tuna akwai yarinya ba.

Abin da ya biyo baya ba ya cikin littafin kowa. An yarda a garinmu cewa maita a nono ake shan ta, don haka aka ware min kwano da moɗa. In na kuskure na yi magana da yaren Inna, ko a cikin barci ne, Goggo da muciya take tashina. Ta yi aikinta da kyau, kafin in isa ɗaukar babban tulu babu ko kalma ɗaya ta yaren a bakina. Da aka zo neman yaran da za a kai makarantar boko, kowane gida ya ɓoye nasa, wasu a rumbu, wasu a gona. Goggo ta kama hannuna ta kai ni da kanta, ta ce da mai rubuta suna, "Ga wagga, ku riƙe, ba sai kun maido ba." Da haka na iya karatu. In wani ya ce min ilimi gata ne nakan yi shiru.

Sai da na fara koyarwa na samu ƙafar da zan neme ta. Na shiga jirgin 'yan kasuwa na ƙetara, na yi ta tambaya gari-gari har aka nuna min wata rumfa a ƙarshen layin masu kifi. Daga tafiyar hannunta a kan kifin na gane ta. Ta yi ƙiba, ta yi furfura, ta sake aure ta haifi wasu. Na durƙusa na ce, "Inna, ni ce." Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Na san ta gane ni don hannunta ya tsaya. Ta yi magana da yaren Dendi, doguwar magana, ni kuwa ko ɗaya ban ji ba. Na ce, "Inna, yi min da Hausa." Ba ta yi ba. Har yau ban sani ba ko mantawa ta yi ko rantsuwa. Na lalubi kaina na rasa abin faɗa sai gaisuwar da kowane ɗan kasuwa ya iya, na ce, "Fofo." Wata budurwa da ke gefenta, ƙanwata ke nan da ban taɓa gani ba, tana ɗan jin Hausar kasuwa. Na roƙe ta ta faɗa min abin da ake cewa. Ta ce, "Ta ce kin yi kama da su." Inna ta zaɓi kifi mafi girma a kan faifan, ta naɗe shi a takarda ta miƙo min, ta juya wajen mai sayen da ke jira. Ban sake ganinta ba. Labarin rasuwarta ma a bakin wani mai jirgi na ji shi, bayan an yi arba'in.

Bayan Sallar da ta wuce dattijon ya zo gidansa na nan Bagudo, aka yi ta zuwa gaisuwa. Na sa mayafina na tafi. Falon cike yake, yana zaune a kan kujera mai taya, ya rame, idonsa dai na nan da kaifinsa. Jikansa na tsaye a gefe da biro da tarin littattafan. A cikin masu zaman ƙasa har da ƙanena, ɗan da Baba ya haifa da matar da ya aura daga baya, wanda ba a rasa shi duk inda babban mutum ya zauna. Shi ya gabatar da ni. Ya ce, "Ranka ya daɗe, yayata ce, tsohuwar malama. Ta karance littahin nan tas."

Dattijon ya yi murna ƙwarai. Ya ce, "Madalla, Malama. Yaran yanzu hoto kawai suke ɗauka da shi. Gaya min gaskiya, me kika gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban taɓa karanta Hausa mai daɗinta ba."

Ya gyaɗa kai, falo ya gyaɗa kai.

Na ce, "Matar nan ta babin waƙa, ni ce ɗiyarta. Ina mashaya ranar da ta tafi."

Kowa ya juyo ya kalle ni. Na shirya wa abubuwa da yawa a hanya. Na shirya ya musanta, na shirya ya fusata, har na shirya ya yi kuka in rasa yadda zan yi da shi. Sai na ga fuskarsa ta washe kamar an kawo masa tsaraba. Ya ce, "Allahu akbar! Ashe tana da ɗiya? Kin ga abin da nake faɗa, tarihi ba ya ƙarewa." Ya juya wajen jikansa. "Rubuta, za mu ƙara a bugu na biyu. Malama, kin tuna waƙar? Akwai baiti ɗaya da nake shakkar ko daidai na kawo shi." Ya fara rera ta a hankali, yana buga hannun kujera da yatsa. Wani tsoho a bayana ya kama masa amshi, wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa, ba da mugunta ba, irin dariyar masu tuna ƙuruciya. Da ya kai ƙarshe ya share ido don daɗi, ya ce, "Abin da ya dame ni tun ina rubutun, sunanta ya ɓace min. Mene ne sunan nata?"

Na gyara mayafina. Ya sake tambaya, ya ɗauka kunnena ne. Jikan ya ɗaga biro yana jira. Ƙanena ya fara mutsu-mutsu, kunya ta kama shi a gaban babban mutum, sai ya yi caraf ya faɗi wani suna. Bai taɓa ganin Inna ba, bayan tafiyarta aka haife shi, kuma a gidanmu ba a sake ambatonta ba. A take ya ƙago shi. Jikan ya rubuta, ya karanto don a tabbatar. Dattijon ya maimaita sunan yana ɗanɗana shi a baki, ya ce lallai yanzu ya tuna, shi ne.

Ya ce, "Haka ne ko, Malama?"

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Sunanta na gaskiya ni kaɗai na rage da shi a wannan gefen ruwa, kuma da shi za a binne ni.